Gargaɗi: Masu "Gwajin Jiki Kyauta" da ke Raba Mutane da Maganin Hawan Jini

Jama'a, don Allah a ja kunnen iyayenmu. Akwai wasu da ke kafa tebur a kasuwa ko bakin masallacin Juma'a, sanye da farar riga irin ta likitoci. Za su ba ka wani ɗan ƙarfe da aka jona da kwamfuta ka damƙe a hannu, nan da nan allo ya cika da jan rubutu: wai zuciyarka na gudu, jijiyoyinka sun toshe. Ƙarfen nan ba ya auna komai. Hawan jini a damtse ake auna shi, kuma likita ba ya yanke hukunci sai ya ga 140/90 ko fiye a ranaku daban-daban.

Da sun ga hankalinka ya tashi, sai a fito da kwalba. Wai haɗin zoɓo ne da tafarnuwa da zogale, sha yanzu magani yanzu, hawan jini ya tafi har abada. Sharaɗi ɗaya ne: ka ajiye ƙwayoyin asibiti, wai suna kashe ƙoda.

Wannan sharaɗin shi ne mugun abun. Wata gwaggona ta bi shi, ta daina shan amlodipine, ƙwayarta ta hawan jini. Ba ta ji ciwon komai ba, har tana yi wa maƙwabta tallar maganin, sai wata safiya kofin shayi ya suɓuce daga hannunta, baki ya karkace. Lambar wayar da ke jikin kwalbar kuwa tun ranar ba ta sake shiga ba.

Ba ina kushe zoɓo ba ne. Wanda ba a cika wa sukari ba yana ɗan rage hawan jini, haka rage gishiri da dunƙule da kanwa, da yawan tattaki. Amma taimako ne, ba madadin magani ba. Masu shan ƙwayoyin hawan jini irin su atenolol ko propranolol su fi kowa kiyayewa, domin yanke su farat ɗaya kan sa bugun zuciya ya yi tashin gwauron zabo.

Lambar NAFDAC da ke jikin kwalbar ma a duba ta a Greenbook, manhajar hukumar ta tantance magungunan da ta yi wa rajista, don ana buga ta bogi. Ko ta gaske ce, ba shaida ba ce cewa maganin na warkarwa. Wanda ya riga ya saya, ya ɗauki kwalbar ya kai wa likitansa, a sake auna shi a ranar.