Hili a gangaren tudu: a baje shi da katafila ko a gina hawa-hawa?

Wa alaikumus salam ƙanena. Tunda ka ce hilin naka na can hayin kogi wajen Sagiya a Yamai kuma akwai itatuwa a ciki, to kar ka kawo katafila, ka bi tudun yadda ka same shi ka gina hawa-hawa.

Gidana na Tawa haka yake. Tsakanin sama da ƙasan hilin kusan metir 2 ne, ni ma da farko bajewa na so in yi, wani tsohon magini ya zagaya wurin da sandarsa ya ce Alhaji bar ƙasar nan yadda take. Garaji a ƙasa, salo wato falo a tsakiya, ka taka matakala 5 ka shiga ɗakunan kwana, tushen kuma duka da dutsen wurin aka yi shi tunda ƙasar Adar, inda Tawa take, ba ta rasa dutse. Mun bar gawo 2 da aduwa 1. Shi gawo ka san halinsa, da damina yake zubda ganye, da rani ya yi kore shar, to watan Afrilu da zafi ke wuce 40 nan Inna take shimfiɗa tabarmarta tun hantsi, awaki na tsintar 'ya'yan gawon a gefenta, wallahi ba ta shiga ɗaki sai magariba. Abu ɗaya dai kar ka yi wasa da shi, ruwa. A ja magudana a bayan bangon sama, bangon da ke tare ƙasa kuma a sa mai tiyo nan da can don ruwa ya samu mahita. Daminar farko da aka yi wani ruwa cikin dare na fito da tocila ina kallo, ya bi hanyarsa ya wuce ko tsakar gida bai taɓa ba.

Bajewa kam ta fi sauri kuma tsofaffi ba su shan wahalar matakala, iyakarta kenan. Na yi ta a Yamai, ciko ne ba a daddaɓe shi kashi-kashi ba, damina 2 katanga ta tsage har hannu na shiga, ga kuɗin kamiyon jar ƙasa sun tafi a banza.

Ba ka tambaya ba amma ka yi hattara da dillalai. Wasu hanyar kori, wato inda ruwa ke kwarara da damina, suke sayar ma mutum da rani, yashi lumui ka ɗauka hili ne, ka je ka ga wurin da idonka a Agusta bayan an yi ruwa, takarda kuma a duba ta a meri, wato ofishin magajin gari, kafin ka ba da ko dala, don hili ɗaya ana sayar ma mutum 3. Masu bulo su ma haka, buhun siminti ɗaya su ja shi ya yi bulo 50, ka murza da yatsa yana zuba. Ƙarfe kuma ka auna da kanka, mai kaurin milimita 10 suke miƙo maka a ce na 12 ne.

Ka nemi mai awon hili ya fidda maka gangaren tukuna, sannan a zana plan a kansa. In da iccen bedi, wato dogon yaro, kusa da inda tushe zai bi, shi kaɗai za ka cire, saiwarsa na fasa gini.