Gargaɗi ga masu sayen faifan Pink Floyd: jabu ya cika kasuwa da sunan "bugun farko"

Jama'a, duk mai niyyar sayen faifan garmaho ko akwatin CD na Pink Floyd ta intanet ya dakata tukuna kafin ya tura kuɗi. Tun da faifan garmaho ya sake samun kasuwa, 'yan damfara suka gane cewa kundayen wannan ƙungiyar mawaƙa ta Landan na cikin waɗanda aka fi nema, kuma yawancin masu nema ba su taɓa riƙe na asali a hannu ba, balle su bambance. Ba ƙananan ɓarayi ake magana ba. A 2023 wata kotu a Bournemouth da ke Ingila ta hukunta wani ɗan kasuwa da ya yi cinikin jabun faifai na sama da fam miliyan 1.2 cikin shekara shida, ta shafinsa da kuma eBay. Wani mai saye ne ya tona masa asiri: ya ji sautin faifan da aka aiko masa ba daidai ba, ya nemi a mayar masa da kuɗinsa, aka ƙi, ya kai ƙara.

Inda aka fi cutar mutane shi ne kan kundin The Dark Side of the Moon, wanda ya fito a watan Maris na 1973 ƙarƙashin tambarin Harvest na kamfanin EMI, da lamba SHVL 804. An buga shi sau ba adadi a ƙasashe da yawa, kuma yawancin bugun ba su da wata tsada. Wanda ake rububi shi ne bugun farko na Ingila, wanda mai tsabta kan kai ɗaruruwan fam. Alamarsa ta farko tana kan takardar da ke manne a tsakiyar faifan: alwatikar da ke jiki cike take da shuɗi mai haske. A bugun da suka biyo baya, layin gefen alwatikar ne kawai shuɗi, cikinta baƙi. A cikin kwalin akwai manyan hotuna biyu na bango, ɗaya na 'yan ƙungiyar, ɗaya na dalar Masar, da sitika biyu.

To amma takarda da kwali ai kowa na iya bugawa. Abin da ke ba mai jabu wahala shi ne filin nan mai santsi da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya. Nan masana'anta ke barin shaidarta. A bugun farko na Ingila za ku ga SHVL 804 A-2 a fuska ta ɗaya, SHVL 804 B-2 a ta biyu, kuma injin ne ya danna su, haruffan a jere, girmansu ɗaya. Ku riƙe faifan kamar fuskar agogo, wannan lamba tana ƙasa wajen ƙarfe shida. Wajen ƙarfe tara akwai ƙaramar lamba, wajen ƙarfe uku kuma akwai harafi ɗaya ko biyu ko uku. Dalilinsu shi ne yadda ake buga faifai: ana yanka waƙar a kan faranti mai laushi, a fitar da ƙarfen uba daga jikinsa, daga uba a fitar da uwa, daga uwa a fitar da hatimin da zai riƙa danna robar. Lambar ƙarfe tara ta uwa ce. Haruffan ƙarfe uku na hatimi ne, kuma masana'antar EMI da ke Hayes a yammacin Landan tana ƙirga su da haruffan GRAMOPHLTD, wato G shi ne 1, R shi ne 2, A shi ne 3, har zuwa D da ke matsayin sifili. Faifan da aka ce bugun Hayes ne na 1973 amma babu waɗannan ƙananan alamomi, ko aka ga lambar an karce ta da hannu a karkace, to a bar shi. A lura, rubutun hannu a wannan fili ba laifi ba ne a kan kansa, domin masana'antu da yawa, musamman na Amurka, da hannu suke rubutawa. Abin dubawa shi ne ko shaidar ta dace da masana'antar da mai sayarwa ya ambata.

Akwai wata cuta da ta fi jabu wuyar kamawa, domin kowane ɓangare na kayan na gaske ne, haɗin ne ƙarya. Mutum zai samo tsohon kwali, ya saka faifan bugun 1977 ko na shekarun 1980 a ciki, ya ƙara da hotunan bango daga sabon bugu, ya sa farashin bugun farko. Wani ma ba ya wahalar da kansa, hoton faifai mai cikakkiyar alwatika zai kwaso daga tsohon gwanjo, ya aiko muku da wani daban. Maganin wannan guda ne: ku ce ya ɗauko muku hoton filin lambar na fuska biyu, da hasken tocila ta gefe don haruffan su fito, tare da 'yar takarda a kusa mai ɗauke da kwanan watan ranar da kalmar da ku kuka zaɓa. Mai kaya a hannu minti biyar ya ishe shi. Wanda ya fara cewa kayan na sito, ko kyamararsa ba ta ɗaukar ƙananan rubutu, ko wani na jira zai biya yanzu, ya riga ya ba ku amsa.

Sai a duba ko faifan ya dace da shekarar da aka ɗora masa. The Piper at the Gates of Dawn ya fito a watan Agusta na 1967 a tambarin Columbia na EMI, takardarsa baƙa da rubutun Columbia shuɗi, lambarsa SX 6157 ga mai sauti ɗaya (mono), SCX 6157 ga sitiriyo. Ba a kafa Harvest ba sai 1969, don haka ba yadda za a yi bugun farko na wannan kundi, ko na A Saucerful of Secrets na 1968, ya zo da sunan Harvest. Mai sauti ɗaya na Piper ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma an sake buga shi a hukumance a 2018, aka ƙara fitar da shi a 2022. Waɗannan sababbin halal ne, amma wasu na ɗan murza kwalin ya yi kamar ya tsufa su sayar da sunan na 1967. Layukan nan baƙaƙe da ake haskawa a kanti don karanta farashi ba su fara bayyana a kwalin faifai ba sai wajen ƙarshen shekarun 1970, saboda haka kwalin da aka ce na 1967 ne ko na 1973 kuma yana da su, an gama magana. Haka nauyi: faifan shekarun 1970 yawanci giram 120 zuwa 140 ne. In aka ce "bugun farko, giram 180", ku san an haɗa zamani biyu a jimla ɗaya. Cikin bugun giram 180 da ake yawan gani a kasuwa akwai wanda Pink Floyd Records ta fara fitarwa a 2016, da lambobin da suka fara da PFRLP, inda Piper yake PFRLP1, Dark Side kuma PFRLP8. James Guthrie da Joel Plante da Bernie Grundman ne suka gyara sautinsa. Bugu ne mai kyau, kuma a ganinmu wanda sauraro ya dame shi, ba tarawa ba, ya sayi wannan daga kanti sananne ya huta.

Faifai masu launi kuwa, nan ne idon mutum ke rufewa. Gaskiya ne an yi wasu a hukumance: a 1978 an buga kundin Animals a roba ruwan hoda a Faransa, kuma a wannan shekarar kamfanin Capitol ya fitar da Dark Side mai hoto a jikin faifan a Amurka. Amma waɗannan sanannu ne, an rubuta lambobinsu da ƙasashensu. Abin da ke yawo yanzu shi ne ja, kore, ɗorawa, mai ɗigo-ɗigo, kowanne da sitikar "na gidan rediyo" ko "guda 500 kacal", sabo fil, kuma mai sayarwar yana da goma a ajiye. Faifan da aka raba wa gidajen rediyo shekara hamsin da suka wuce ba ya zuwa katan-katan. Ku nemi bugun a Discogs, shafin intanet da ke tattara bayanan faifai da cinikinsu. Shafin yana rubuta jabu a rumbunsa da alamar cewa ba na hukuma ba ne, kuma ya hana sayar da su a kasuwarsa, shi ya sa masu wannan sana'a suka fi yawa a Facebook da Instagram da ƙananan shafukan da aka buɗe jiya. Wasan da ƙungiyar ta yi a Pompeii da ke Italiya ma misali ne: sai a 2025 ya fito a faifan garmaho a matsayin cikakken kundi na hukuma, da haɗin sautin Steven Wilson, amma an daɗe ana sayar da na bayan fage da wannan suna.

Me ya sa jabu ba ya daɗin ji? Mai jabu ba shi da tef na asali, daga CD yake kwafa, wani lokaci ma daga MP3, ya kai wa mai yanka mai araha. Fuska ta biyu ta kundin Meddle waƙa ɗaya ce mai fiye da minti 23, kuma cusa wannan tsawo a fuska ɗaya sai gwani. Wanda bai iya ba sai ya rage ƙarfin sauti da na ƙasa-ƙasa don layukan su matsu, sai ka ƙure amsa-kuwwa kana jin shuuu, in allura ta kusa tsakiya kuma sautin ya dishe. Sau da yawa ramin tsakiya ba ya kan daidai, sai hannun allura ya riƙa kai da komo, dogayen sautukan ogan da piyano na Richard Wright, ɗan ƙungiyar, su riƙa lilo sama da ƙasa. Kwalin ma kwafe shi aka yi daga wani kwali: ku sa gilashin ƙara girma a kan ƙananan rubutun haƙƙin mallaka, za ku ga gefen haruffa ya yi ɗigo-ɗigo maimakon kaifi, baƙin kuma ya koma toka-toka.

Wish You Were Here na 1975, SHVL 814, a naɗe ya fito cikin baƙar leda da ba a ganin ciki, da sitikar hannayen inji biyu suna musafaha, da kati a ciki. Wannan leda ta zama mafakar mayaudara, domin za a ce muku "ba a taɓa buɗewa ba", ku biya kuɗi mai yawa, ku kuma ji tsoron buɗewa kada daraja ta faɗi. Injin naɗe leda ba shi da tsada. Faifan da ba a ga lambarsa ba, ba a san ko wane bugu ba ne, kuma bai kamata a biya masa kuɗin bugun farko ba.

A ɓangaren CD, akwatunan Oh, by the Way na 2007 da Discovery na 2011 sun sha jabu ƙwarai. Na biyun kundi 14 ne a CD 16. In kun ga sabo a kan kuɗin da bai kai na CD uku ba, araha ba ta ado. Ku juya CD ɗin ku duba zoben tsakiya. Tun 1994 manyan masana'antu ke sa lambobin IFPI guda biyu, wato lambobin shaidar masana'anta: ɗaya a zoben madubi, tana farawa da L, ɗaya kuma a danne cikin robar da ke kusa da rami. Jabu kan zo babu su, ko an kankare wurin, ko lambar ba ta dace da wadda aka rubuta wa wannan bugu ba. In ƙasan CD ɗin yana ɗaukar kore ko shuɗi-shuɗi, to na kwafa a kwamfuta ne. Ga juyin abin: CD ɗin Japan na farkon shekarun 1980, irin Dark Side mai lamba CP35-3017 da masu tarawa ke nema, ya girmi tsarin IFPI, don haka ganin lambar a jikinsa shi ne alamar matsala.

Sa hannu kuma, lissafin shekaru kawai ya isa ya kori rabinsu. Syd Barrett, ɗaya daga waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya rasu a watan Yuli na 2006, Richard Wright a watan Satumba na 2008. Sa hannun Wright a kan bugun 2011 ko na 2016 ba zai yiwu ba, amma ana tallarsa. Barrett ya bar ƙungiyar tun 1968, to me zai kai hannunsa kan Dark Side tare da na David Gilmour da Roger Waters da Nick Mason, duk da alƙalami ɗaya? Takardar "shaidar inganci" da mai sayarwar ya buga da kansa ba ta ƙara komai.

Wajen biya, kada ku yarda a janye ku daga shafin da kuka ga kayan zuwa WhatsApp da alkawarin ragi. A PayPal, zaɓin biyan kaya da aiki (Goods and Services) ne ke da kariya, kuma akwai kwana 180 na shigar da ƙorafi in kaya bai iso ba. Hanyar 'yan uwa da abokai (Friends and Family) ba ta da kariya ko kaɗan, shi ya sa 'yan damfara suke nacewa a kanta. Tura kuɗi ta banki kai tsaye, ko katin kyauta, ko kirifto, in ya tafi ya tafi. Ku sa mai sayarwa ya rubuta lambar bugu da lambar filin tsakiya da matakin lafiyar faifan, NM (kusan sabo) ko VG+ ko VG (masu bi masa a lafiya), a cikin saƙon shafin, domin wannan rubutu ne hujjarku. In kunshi ya iso, ku ɗauki bidiyon buɗe shi tun daga takardar adireshi ba tare da yankewa ba. Masu sa a kawo musu Kano ko Yamai su ce a fitar da faifan daga kwalinsa a ajiye shi a gefe cikin rigarsa, a sa kwali mai tauri gaba da baya, kuma su karɓe shi da wuri, domin zafi na lanƙwasa roba, kuma mai sayarwa marar gaskiya zai ɗora wa rana laifin faifan da dama a lanƙwashe ya aiko shi.