Gargaɗi ga ƙungiyoyin da ke ba manoma rance a Gombe

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani mutum da ke bin ƙungiyoyin gama kai da dillalan da ke ba da taki da iri bashi, daga Tudun Hatsi har Kumo, yana tallar wata manhaja. Wai kana shigar da shekarun manomi da girman gonarsa da bashin da ya taɓa ci, sai ta ce maka zai biya ko ba zai biya ba. Yana bugun ƙirji cewa cikin mutum 100 tana cankar 99, kuma sai an biya shi duka kafin ya saka ta a waya.

Don Allah kada ku ba shi ko sisi.

Abin da ke cikinta bishiyar yanke hukunci ce, wato tambayoyin e ko a'a da ke rarrabuwa kamar rassa. Hanyar kanta ba ta da aibi. Amma idan ba a datse rassan ba, haddace littafin bayanan manoman da aka koya mata da shi take yi, har kowane manomi ya samu nasa reshen. Mutumin nan a kan wannan littafin yake gwada ta a gabanku. To ta yaya za ta faɗi?

Mai gaskiya yakan ware kashi 20 ko 30 cikin ɗari na bayanan ya kulle. Sauran ya raba gida 10, ya koya wa manhajar da gida 9 ya gwada ta da 1, a yi ta karɓa-karɓa har kowane gida ya sha gwaji. Da wannan yake sanin inda zai datse. Na kullen kuwa sau ɗaya ake buɗe shi, a ƙarshe, a gwada manhajar da shi.

Ko adadin 99 ɗin ma abin dubawa ne. In dama mutum 95 cikin 100 suna biya, manhajar da ke cewa kowa zai biya ta ci 95 ba ta yi aikin komai ba. Abin da ya fi damuna shi ne bawan Allah mai riƙon amana da za ta yi wa tambarin macuci, a hana shi taki ga damina ta kama.

In ya zo muku, ku ba shi bayanan mutanen bara, ku rufe sunayensu da wanda ya biya da wanda bai biya ba, ya canka ku kwatanta da littafinku. Rajistarku mai ɗauke da lambobin waya da NIN kuwa kada ta bar hannun sakatare.