Casio fx-991 ko TI-84 don 'yan SS2? Ga abin da na gani, Malama

Malama, sannu da ƙoƙari. Tunda tsakanin waɗannan kalkuletoci biyu, Casio fx-991 da TI-84, kike shawarar wadda za ki saya wa 'yan SS2, kuma burinki yara su ga amfanin tan (lissafin kusurwa) da log (logaridim) a waje da littafi, to kuɗin nan da iyayen yara suka tara miki kada ki kai su wajen TI-84. Ki sayi Casio fx-991ES Plus iya adadin da kuɗin za su kai, ki rage ɗan canji ki sayi tef ɗin magina mai mita 30 guda biyu da takardar giraf. Duka biyun ina da su a gida, amma ɗaya ce kawai take fitowa daga durowa.

Casio ɗina ta kai shekara bakwai a aljihun riga. Lambar 7 ta kusa gogewa, murfin ya tsage na ɗaure shi da salatif, sau ɗaya tak na canza mata batir, don tana haɗawa da hasken rana. Da ita na yi darasin da har yau in na haɗu da tsofaffin ɗalibaina shi suke fara tuna mini.

Ranar wata Laraba ce da hunturu. Na ce kowa ya zo da firotiraktan da ke cikin masset ɗinsa, da bututun biro wanda tawadarsa ta ƙare, da zare. Muka manna bututun a gefen firotiraktan da ya miƙe, muka ɗaura zaren a tsakiya, muka rataya noti a ƙarshensa. Shi ke nan, abin auna kusurwa ya haɗu, ba mu kashe ko naira ɗari ba. Muka fita bayan makaranta inda ake hango hasumiyar masallacin Juma'a. Yaro ɗaya ya leƙa ƙololuwar ta cikin bututun, na biyu ya karanta inda zaren ya tsaya ya cire daga 90, na uku da na huɗu suka ja tef. Rukunin farko suka samu mita 20 daga gindi, kusurwa digiri 40, tsayin idon mai leƙe kuma mita 1.5. Ashirin sau tan 40 ya ba da 16.8, a ƙara 1.5, hasumiya ta tashi mita 18.3.

Sai wata yarinya daga rukuni na uku ta ɗaga hannu, fuska a yamutse, ta ce ita amsarta ta fito ƙasa da sifili, wajen 21 da alamar ragi a gaba. Wani ɗan banzan surutu a baya ya ce, "Malam, to ashe rijiya muka auna." Aji ya kece da dariya. Na karɓi kalkuletar na duba saman allonta, sai ga ƙaramin R a inda ya kamata a ga D, wato digiri. Yayanta da ke jami'a ne ya bar ta a radiyan, wani ma'aunin kusurwa dabam da digiri. Da na so, sai in danna SHIFT, MODE, 3 ta koma digiri in miƙa mata mu wuce, amma na tsaya muka ci minti ashirin a tsaye cikin ƙura muna warware yadda 40 a radiyan yake nufin an zagaya da'ira fiye da sau shida. Mako biyu na yi ina zana radiyan a allo bai shiga ba. Rijiyar nan ce ta shigar da shi. Da muka gama sai ladanin ya fito, aka tambaye shi tsayin hasumiyar, ya ce shi matakalar kawai ya sani, kuma gwiwarsa ce take ƙirga ta kullum.

Abin da nake so ki lura da shi a labarin nan: rukuni takwas ne, kowane rukuni da kalkuleta a hannu. Da guda biyu kawai muke da su masu tsada, da yara biyu ne suka danna, sauran arba'in da wani abu suna kallo.

Wanda ya fi wannan daɗi ma inuwar la'asar ce, kuma ke da kike da ɗalibai 'yan Islamiyya da yawa za ki ji daɗinsa. A mazhabar Malikiyya la'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ta rage masa lokacin zawali. Yara sun haddace wannan tun suna ƙanana, amma ba wanda ya taɓa ce musu tan ce ke ciki. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Wajen 21 ga Disamba rana tana karkata digiri 23.4 zuwa kudu, don haka da tsakar rana ta kauce wa tsakar ka da digiri 35.4. Ki kafa sanda mai mita ɗaya, tan 35.4 ya ba ki inuwar zawali kusan santimita 71, la'asar kuma sai inuwa ta kai mita 1.71. A ƙarshe-ƙarshen Afrilu da na Agusta kuwa rana tana bi ta tsakar ka, inuwar zawali ta kusa ɓacewa ƙarƙashin sandar. Mun kafa muciya a bayan ofishin malamai muka riƙa aunawa duk Litinin har zango ya ƙare. Haka alƙibla: da lambobin Kano da na Makka, masu yin Further Maths sun fitar da kusan digiri 68 daga arewa zuwa gabas, suka gwada da kamfas ɗin waya ya yi daidai. Duk wannan sin, cos da tan ne kawai, kuma Casio tana yin su cikin ƙiftawar ido.

Wajen log ma ba ta gaza ba. Ƙidayar 1991 ta ba Najeriya mutum miliyan 89 ba kaɗan, ta 2006 ta ba da miliyan 140 da ɗoriya. Na bar yara suka nemo ƙarin kowace shekara a tsakanin, ya fito kusan kashi 3 cikin ɗari, sannan log 2 a raba da log 1.031 ya nuna musu cewa a wannan tafiyar jama'a na ninkawa duk bayan shekara 23 ko kusa da haka. MODE 7 yana buɗe tebur, ki rubuta lissafin sau ɗaya, ki ba shi inda zai fara da inda zai tsaya, ya jero miki amsoshi har layi 30. Daga nan yaro ya ɗauki fensir ya ɗiga a takardar giraf da hannunsa. Ni a ganina wannan ɗigawar ba ɓata lokaci ba ce, tunda a jarrabawa ma da hannu za su zana.

TI-84 kuma, to, na'ura ce mai kyau, ba zan ci amanarta ba: tana zana giraf a allonta, kuma tana da ƙarko. Ni ne na yi gaggawa. Na ga duk malaman Amurka da nake kallon darussansu ita ce a hannunsu, sai na ɗauka sirrin yana cikinta, na sayi ta hannu da kuɗin da zai saya mini Casio kusan biyar. Su can tsarinsu ne ya gina a kanta. Darasin share fagen kalkulas, wani reshen babban lissafi, da hukumar jarrabawa ta Amurka College Board ta fara a 2023, wani ɓangaren jarrabawarsa dole sai da kalkuleta mai zana giraf. Mu kuwa WAEC da NECO ba sa barin a shiga da wadda ake iya loda wa shiri, ita kuma TI-84 irin wannan ce. Ga ƙananan batura huɗu da take ci. Sau uku na kai ta aji, yara suka taru a kaina kamar ana rabon alewa, na baya ba su ga komai ba, na mayar da ita durowa. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

In giraf mai motsi kike so su gani, ki sauke manhajar GeoGebra a wayarki. Kyauta ce, kuma manhajar tana aiki ko babu data. Ranar da za ki nuna yadda y = a sin bx ke miƙewa da tsukewa, ki ari wayoyin malamai uku ko huɗu, ki raba wa rukunoni, su ja a da b da yatsa. Allon waya ya fi na TI-84 ɗina haske nesa ba kusa ba.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa, don ni an taɓa yi mini: jabun Casio sun fi na gaske yawa a teburan bakin titi, musamman in jarrabawa ta matso. Na taɓa sayen goma wurin wani mai shago da ya rantse mini har da dafa kai, kafin hutun zango, huɗu daga cikinsu sun mutu. Da na kwance ɗaya, gilashin solan nan baƙar roba ce kawai aka liƙa, ko waya babu a bayanta. Don haka kada ki yi cinikin biri a sama, kada ki aiki yaro, kada ki biya ta waya a kawo miki. Ki je da ƙafarki, ki riƙe wata ta gaske da kika tabbatar da ita. Ki ajiye su gefe da gefe ki dubi rubutun maɓallan da kaurin lambobin allo, ki karanta sunan harafi-harafi, ki ɗaga ki ji nauyi, na jabu sukan yi shafal. Ki ba su lissafi mai nauyi iri ɗaya, kamar intigireshan, ki ga wadda ta daɗe tana tunani. Ki ce a cire batirin ɗaya a fita da ita rana. In ya fara kame-kame, kin samu amsarki. Wanda ya sassauta miki farashi har ya kai rabin na sauran shaguna, ki yi masa sallama. Sannan a rubuta miki rasit da sharaɗin canji, ki sa a buɗe kowane kwali, ba na sama kaɗai ba.

In kin kawo su, ki rubuta lamba a bayan kowace da jan fenti na farce, ki buɗe littafin aro, in ba haka ba kafin Sallah rabi sun bi jakunkuna. Kuma kafin kowane fita awo ki sa su danna SHIFT, 9, 3, sannan alamar daidai, komai ya koma yadda ya zo daga kamfani. In kina so in turo miki takardar aikin hasumiya da ta inuwar la'asar, ki yi mini magana bayan magariba, suna nan cikin kwamfutata.