Shagon Adum da ya ƙi sayar mini da waya mai sulke

Masu sayar da kayan intanet a Adum, cikin Kumasi, suna da yawa, amma ba kowane ne zai tambayi mai saye inda zai shimfiɗa waya kafin ya karɓi kuɗinsa ba. Shagon da na sayi wayar haɗa kwamfutocin ofishinmu na Asawase yana yin wannan tambaya, kuma saboda ita na ga ya cancanci a yi rubutu a kansa.

Na je da niyyar sayen wayar haɗa kwamfuta nau'in Cat6 mai sulke, domin ta fi tsada kuma na ɗauka ta fi kyau. Mai shagon ya ce, “Alhaji, ginin naku yana da wayar ƙasa mai kyau, wato wadda take sauke wutar lantarki cikin ƙasa? Akwai injin niƙa ko wurin walda kusa da ku?” Da na ce babu inji, ya fere waya iri biyu ya nuna mini. A cikin kowace akwai silli 8 da aka tufke bibbiyu, kuma wannan tufka ita ce kariya ta farko, domin hayaniyar lantarki tana shiga silli biyun daidai wa daida, na'urar da ke karɓar saƙo kuma ta zubar da ita. Marar sulke, wato UTP, da tufkar kaɗai take dogara. Mai sulke tana da ƙarin takardar alminiyam da ta naɗe sillin, kamar F/UTP, ko saƙar ƙarfe a waje da takarda a kan kowane biyu, kamar S/FTP.

Abin da ya fi tsayawa a kai, wanda ni ma nake ganin shi ne tushen maganar, shi ne cewa sulken ba ya aiki shi kaɗai. Dole ne kan waya na RJ45, wato wanda ake sokawa a jikin kwamfuta, ya kasance mai jikin ƙarfe, siririyar wayar da ke bin sulken ta taɓa shi, akwatin na'urorin kuma ya haɗu da ƙasa ta hanya mai inganci. A tsofaffin gidajen zango da dama an ja wuta ba tare da wayar ƙasa ta kirki ba, ko da yake dokar haɗa wutar lantarki ta Ghana ta 2011 ta tanadi cewa masu lasisin Hukumar Makamashi ne za su yi wannan aiki. A irin wannan gini, wanda ya sayi mai sulke ya biya kuɗin kariyar da ba zai samu ba, ga ta da kauri da taurin lanƙwasa a cikin bututu. Inda ta dace shi ne wuri kamar Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, inda injinan walda da manyan injinan lantarki suke aiki yini guda, ko inda tilas ne waya ta bi kusa da janareta. Ko a can ba ta kare na'ura daga tsawa, don haka tsakanin gini da gini ya fi son wayar gilashi ta faiba.

Na koma gida da kwalin UTP mai mita 305. Gudunta bai gaza ba, domin sulke ba ya ƙara gudu: Cat6 tana ɗaukar bayanai da gudun gigabit 1 a daƙiƙa har mita 100, da gigabit 10 har kusan mita 55, da sulke ko babu. Ya kuma kankare silli ɗaya a gabana don in ga jan ƙarfe ne har ciki, ba alminiyam mai rufin jan ƙarfe da ake rubuta wa CCA ba, wanda yake saurin karyewa kuma yake ɗumi idan aka tura wa kyamarar tsaro wuta ta cikinsa.

Shagon yana da nakasu. Na'urar gwajinsu tana nuna ko silli 8 sun haɗu daidai ne kawai, ba ta auna ingancin saƙo, kuma ranar da na je kan waya mai jikin ƙarfe ya ƙare musu alhali suna sayar da mai sulke. Wanda aikinsa yake bukatar sulke ya tabbatar kawunan sun iso kafin ya biya kuɗin kwali, ya kuma sa mai aikin lantarki ya auna wayar ƙasan gininsa tukuna.