Kinect, RealSense ko iPhone: wanne za ka saya don sikanin 3D a Sakkwato?

Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Danfodiyo masu furojet ɗin haɗa siffar abu ta 3D, kafin ku kai kuɗinku wurin mai kaya ku fara tambayar kanku a ina za ku yi sikanin, cikin ɗaki ko a waje, don nan maganar take.

Kinect na farko, kyamarar auna nisa da Microsoft ta fitar a 2010, shi ne mafi araha, na hannu ake samu, yana watsa ɗigo-ɗigon hasken infrared ya auna nisa da su, daga wajen santimita 80 zuwa mita 4. A ɗaki lafiya lau. Amma ka fita da shi tsakar gida da azahar ranar Sakkwato ta shanye ɗigon nan gaba ɗaya sai ka ga hoton zurfin duk ramuka baƙaƙe. Kinect na biyu lokacin tafiya da dawowar haske yake aunawa, hotonsa ya fi tsabta, sai dai shi ma ba ya shiri da rana kuma dole sai USB 3 da adafta tasa, kar ka yarda a sayar maka babu ita.

Idan bangon gini ko zanen ƙofar zaure za ka ɗauka a waje, RealSense D435 da Intel ta fitar ya fi, ido biyu gare shi yana kwatanta hotuna biyu, rana ba ta makantar da shi, matsalarsa dai in ka ja baya da nisa awon sai ya riƙa rawa, shafaffen bango ya fito gurji-gurji. Wanda ke da iPhone 12 Pro ko wata Pro ta bayanta kuwa yana da LiDAR, wato na'urar auna nisa da haske, a aljihu, ya sauke manhajar Scaniverse ya gwada tukun, ɗaki da kujeru suna fita amma ƙananan zanen dukawa a jikin fata ba ya kama su.

Duk cikinsu babu wanda ba ya kawo datti a awo, manhaja ce ke wankewa. Dabarar KinectFusion ta 2011 tana tara hotuna ɗaruruwa ta ɗauki matsakaicinsu sai rawar ta lafa, akwai irinta a manhajar Open3D kyauta. Wajen haɗa ɗigon awon su zama siffa kuma, tsarin Poisson na 2006 da ke cikin manhajar MeshLab yana ba da siffa sumul, amma fa inda babu bayani ƙirƙira yake ya toshe ramin, ka ɗauki tulu ka ga ya rufe masa baki, sai ka bi ka yanke. Ɗaya tsarin, Ball pivoting, ba ya ƙirƙira, yana barin ramin a ramin, sai dai ba ya jure datti.

Ni dai aikin ɗaki Kinect zan ce, ragowar kuɗin a zuba a laftof mai katin NVIDIA. Kuma ka gwada Kinect ɗin gaban mai kaya da baƙin abu mai sheƙi da farin ƙyalle, ka duba gilashin gaban ko ƙurar hunturu ta karce shi.