Manhajar Merlin da tsuntsun da ke tashina kafin asuba

Jama'a yau dai sai na yi maganar manhajar nan ta gane tsuntsaye, Merlin Bird ID, don wlh ta warware min abin da ya fi shekara yana damuna. Tun da muka tare a gidan nan a jihar Mishigan ta Amurka, da zarar watan Maris ya kama sai wani tsuntsu ya fara rera waƙa a bayan tagar ɗakina tun duhu bai washe ba, ya yi 'yan gajerun sautuka masu hawa da sauka, ya ɗan tsaya kaman mai jan numfashi, ya sake ɗorawa, haka zai yi ta yi har rana ta fito, kuma da magariba shi ne kusan na ƙarshen yin shiru. Ban taɓa ganinsa yana yi ba, muryar kawai na sani.

Manhajar ta sashen binciken tsuntsaye ce na Jami'ar Cornell da ke Ithaca a jihar New York, kyauta ce, ko sisi ba a biya. Tun 2014 take, amma ɓangaren gane tsuntsu da murya sai 2021 suka ƙara shi. Ka danna kawai ka miƙa wayar waje, sai ka ga sautin yana zana kansa a fuskar waya, sunan mai kukan ya fito da hotonsa. Ranar farko ko minti ɗaya ba a yi ba ta rubuta min American Robin. Ashe wanda kullum nake gani a kan ciyawar ƙofar gida ne, mai ƙirji ruwan goro da baki rawaya, wanda zai ruga da gudu ya ja birki ya karkata kai gefe ɗaya sannan ya finciko tana daga ƙasa. Shi ne ma tsuntsun da jihar Mishigan ta ɗauka a matsayin alamarta, haka Wisconsin da Connecticut, ni kuwa ina zaune ban sani ba.

Daga nan fa na shiga bibiyarsa. Da na ɗauka duk suna yin ƙaura ne idan hunturu ya shigo, kuma da yawa suna yi, su gangara Fulorida da gaɓar Tekun Meziko har cikin Meziko ɗin, bazara ta yi su koma arewa har Kanada da Alaska. Amma wasu ba inda suke zuwa. Ƙasa ce ke daskarewa tana ta yi wuyar samu, sai su bar farfajiyar gidaje su haɗu garke guda a cikin itatuwa suna cin 'ya'yan itace, kuma ba sa yin waccan doguwar waƙar. A watan Janairu na kunna manhajar a wani lambu dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, aiko ta kama ɗan gajeren kukansu, na ɗaga kai na gan su cike da bishiya.

Abin da ya fi taɓa min zuciya sheƙar da suka yi a kan fitilar barandarmu. Macen ce ta gina, tana kai da kawowa da laka a baki da busasshiyar ciyawa, ta shiga ciki tana jujjuyawa tana danna ƙirji har ta fito kaman ɗan kwano. Ƙwai huɗu ta saka, shuɗaye garau, ban taɓa ganin shuɗi irin wannan ba. Takan kwanta a kai kwana 12 zuwa 14, bayan ƙyanƙyasa kuma wajen sati biyu 'ya'yan su bar sheƙa, ƙirjinsu ɗigo-ɗigo, tashin ma bai gama zama ba. A shekara ɗaya sukan yi haka sau biyu ko uku. Muka daina kunna fitilar gaba ɗaya, ƙofar baya muka koma bi. Dama dokar Amurka ta 1918 ta hana taɓa sheƙar irin waɗannan tsuntsaye muddin da ƙwai ko 'ya'ya a ciki.

Shawara ga mai son gwadawa, ka sauke kundin tsuntsayen yankinka a kan wayifai tun a gida, don ya yi aiki ko ba sabis, kuma ka fita da caji cike tunda makirfo a kunne yake. Sannan abin da ta nuna maka ka tabbatar da idonka, su kansu masu manhajar haka suke cewa, akwai wani tsuntsu rose-breasted grosbeak da waƙarsa ke kama da ta robin sosai. Ni dai tauraro biyar na ba ta. Jiya ma na leƙa baranda na tarar macen ta fara kawo sabuwar laka.